Kafin mu yi kukan Bagadaza, mu tambayi abin da ya faru a Otrar

Jama'a, rubutun nan zai ɗan yi tsawo. Wanda ke sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

Kusan duk wanda ya taso a cikinmu yana zaman wa'azi ko tafsiri ya san labarin Tattar. Wasu mutane ne suka ɓullo daga gabas kamar farin ɗango, suka shiga Bagadaza a shekarar 1258, suka kashe halifa Musta'asim, suka yi wa birnin kaca-kaca, har ana cewa littattafan da aka zuba a kogin Dijla sun sauya wa ruwan launi. Daga nan sai a yi salati, a girgiza kai, a rufe babi. Ni ban ce ba a yi ɓarna ba, an yi, kuma mai muni. Inda nake da ja shi ne wurin da muke fara labarin da wurin da muke tsayawa. Ba ma tambaya su waye mutanen nan a gidajensu, ko yaya aka yi makiyayan da ba su da birni ko ɗaya, ba su ma da rubutu sai bayan 1204, suka rusa daulolin da ke da ganuwa da malamai da baitulmali. Ko sunan ma da muke kiransu da shi aro ne. Tattar wata ƙabila ce daban, abokan gabar Jankiz Khan, kuma shi da kansa ya murƙushe su a 1202. Sunan mutanensa Mongol.

Ra'ayina a taƙaice: Mongol sun yi ƙarfi ne lokacin da suka kafa tsarin da ɗan gida bai fi ƙarfin doka ba, su kuma waɗanda suka ci da yaƙi sun faɗi ne wajen rufa wa ɗan gida asiri. Bari in kawo hujjata.

Mu fara da ƙasar. Mongoliya tana tsakanin Sin da Rasha, fili ne na ciyawa iya ganinka, ga hamadar Gobi daga kudu. Sanyin hunturu a can yana kashe dabba a tsaye, kuma akwai shekarar da dusar ƙanƙara ke rufe ciyawa ruf, mai garke dubu ya wayi gari ba shi da ko akuya. Dukiyarsu dabbobi biyar ne: doki, tumaki, awaki, shanu da raƙumi mai tozo biyu. Ɗakinsu tanti ne kewayayye na ulun tumaki, ƙofarsa tana kallon kudu, ana kwance shi a ɗora a keken shanu in za a tashi. Abincinsu nama da nono, har da nonon goɗiya da suke bari ya yi tsami. Yaro tun yana ƙarami yake hawan doki da harbin kibiya. Mata su ke riƙe da zango, su tuƙa keken shanu, su kafa tanti, su tatsi shanu, kuma in mijin babba ne ya mutu, matar na iya riƙe jama'arsa gaba ɗaya.

Kafin zuwan Jankiz Khan babu hukuma ɗaya a wannan fili. Kowace ƙabila da sarkinta: Kerait, Naiman, Merkit, Tattar, da su Mongol ɗin kansu da suke a rarrabe gida-gida. Sana'ar da ta fi tafiya ita ce kai hari, a kore dawaki, a sace mata, sai kuma ramuwar gayya da ake gadar wa 'ya'ya. Sarakunan arewacin Sin na wancan lokaci, daular Jin, suna jin daɗin haka. Yau su ba wannan ƙabila kyauta ta far wa waccan, gobe su juya.

Rayuwar Temujin, wato sunan yanka na Jankiz Khan, ita kanta hoton wannan zamani ce. An haife shi wajajen 1162 kusa da kogin Onon. Mahaifiyarsa Ho'elun sato ta aka yi: ubansa Yesugei ne ya ƙwace ta daga hannun wani ango ɗan Merkit a kan hanya. Yana ɗan shekara tara Tattar suka sa wa ubansa guba a abinci. Da uban ya mutu, dangi suka kwashe dabbobi suka tashi, suka bar uwar da ƙananan yara a jeji suna tonon saiwa da kamun kifi. A cikin wannan yunwa Temujin ya kashe ɗan ubansa Bekter a kan rikicin abinci. Daga baya dangin nasa, Tayici'ud, suka kama shi suka ɗaura masa katako a wuya kamar turu, sai wani talaka mai yi musu hidima ne ya ɓoye shi ya tsira. Da ya yi aure, Merkit suka zo suka sace amaryarsa Borte, ramuwar abin da aka yi musu tun kafin a haife shi. An ƙwato ta, amma ɗan da ta haifa bayan dawowarta, Joci, har ya mutu ana tsegumi a kan ubansa.

To ka ga mutumin da ya ga abu biyu da idonsa: dangi sun yashe shi, bare sun cece shi. A nan tsarinsa ya samo asali, kuma a nan nake so ma'aikata 'yan uwana su buɗe kunne.

Dubi waɗanda ya ɗaga. Bo'orcu saurayi ne da ya haɗu da shi yana tatsar goɗiya, ya taya shi bin sawun ɓarayin dawakinsa takwas ba tare da sun taɓa sanin juna ba. Jelme ɗan maƙeri ne. Mukali daga gidan bayi ya fito, shi ne daga baya aka damƙa wa yaƙin arewacin Sin gaba ɗaya. Jebe abokin gaba ne da ya harbe dokin Temujin a fagen fama, da aka kama shi ya amsa cewa shi ne, sai aka yafe masa aka ba shi runduna. Badai da Kishilik masu kiwo ne kawai da suka tsegunta masa wata maƙarƙashiya, ya saka musu da muƙami. A 1203, lokacin da aka fatattake shi ya rage da mutane ƙalilan a bakin ruwan Baljuna, waɗanda suka yi masa rantsuwar amana sun fito daga ƙabilu daban-daban, kuma akwai Musulmi a cikinsu.

Yanzu dubi yadda ya yi da nasa. Gidan Jurkin danginsa ne na jini, manyan gida ma. Suka ƙi fita yaƙin da aka yi alkawari, suka kuma kai wa zangonsa hari a bayan idonsa. Ya kama shugabanninsu biyu ya kashe. A yaƙin 1202 ya kafa doka cewa kada wanda ya tsaya kwasar ganima sai an gama yaƙi, a tara a raba. Waɗanda suka karya dokar su ne baffansa Daritai da wasu manyan danginsa biyu, Altan da Kucar. Ya aika aka ƙwace duk abin da suka kwasa a bainar jama'a. Sun yi fushi, har suka bar shi suka koma wajen abokan gabarsa. Amma duk wani ƙaramin mayaƙi a rundunar ya ga abin da ya faru, ya kuma gane cewa rabonsa ba zai maƙale a hannun wani shafaffe da mai ba.

A 1206 aka yi babban taro a mafarin kogin Onon aka naɗa shi Jankiz Khan. Abin da ya yi a wurin aikin ofis ne tsantsa. Ya rarraba jama'a goma-goma, ɗari-ɗari, dubu-dubu, har zuwa dubu goma. Rukunin dubu guda 95 aka ƙirga a lokacin, kowanne da shugabansa da wurin kiwon da aka yanka masa. Ƙabilun da suka yi masa taurin kai ya wargaza su cikin rukunoni daban-daban, kuma babu mai barin rukuninsa ya koma wani. Ya kafa dogarai dubu goma, ya sa kowane shugaba ya kawo ɗansa ko ƙanensa ciki, wurin ya zama makarantar horar da masu mulki, ya kuma zama jingina a kan iyayensu. Ya naɗa Shigi Kutuku, wanda yaro ne da aka tsinta a sansanin Tattar, alƙalin alƙalai, ya ce a riƙa rubuta hukunci da rabon jama'a a kundi. Rubutun ma aro shi ya yi daga Uigur, ta hannun wani magatakarda da aka kama a yaƙin Naiman. Satar dabba ta zama laifi mai tsananin hukunci. Filin da aka shekara ɗaruruwa ana kore wa juna dawaki ya lafa.

Ɗansa Ogodei ya ɗora a kai. Ya faɗaɗa tsarin zango-zango na 'yan saƙo, inda manzo mai ɗauke da allon shaida na sarki zai sauya doki ya ci abinci ya wuce, saƙo ya keta daula cikin kwanaki. Ya sa aka haƙa rijiyoyi a wuraren da ba ruwa don a samu ƙarin wurin kiwo. Ya tsara jangali, har da tunkiya ɗaya cikin ɗari da ake warewa don talakawa. Da wasu manyan Mongol suka kawo shawarar a share manoman arewacin Sin a mai da gonakinsu wurin kiwo, wani ma'aikaci mai suna Yelu Cucai ne ya zauna ya yi wa sarki lissafin harajin da za a samu duk shekara in an bar su da rai. Lissafin nan ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa. A zamanin Mongke, daga 1252, aka shiga ƙidayar jama'a daga Sin har ƙasar Rasha.

To mu juya ɗaya ɓangaren, mu zo Otrar ɗin da na sa a kan rubutun.

A lokacin, daular Musulmi mafi ƙarfi a gabas ita ce Khawarizm, ƙarƙashin Sultan Ala'uddin Muhammad. Bukhara ta Imamul Bukhari da Samarkand duk a hannunsa suke. Ƙarfinsa ya kai har a 1217 ya ɗaga runduna zai far wa halifan Bagadaza, dusar ƙanƙara ce ta mai da shi daga kan duwatsu. Amma gidansa a tsage yake. Mahaifiyarsa Turkan Khatun tana da fadarta da hatiminta, kuma manyan sojojin daular danginta ne, ita suke ji.

A 1218 Jankiz Khan ya turo ayarin fatake, mutum wajen 450, akasarinsu Musulmi, da raƙuma ɗauke da kaya masu tsada. Suka sauka a Otrar, garin kan iyaka, a kudancin Kazakistan ta yau. Gwamnan garin, Inalcuk, ɗan uwan Turkan Khatun ne. Ya ce 'yan leƙen asiri ne, aka kashe su aka kwashe kayan. Mai yiwuwa ma akwai masu leƙen asirin a cikinsu, don haka ayarin wancan zamani yake. Amma wanda ake zargi da leƙen asiri ai kora shi ake yi ko a tsare shi, ba a yanka mutum ɗari huɗu da wani abu a sayar da kayansu.

Jankiz Khan bai ɗaga runduna nan take ba. Manzanni uku ya aiko da buƙata ɗaya: a miƙa masa gwamnan, magana ta mutu. Sultan ya duba, gwamna ɗan gidan uwarsa ne, taɓa shi taɓa sojojin da yake tsoro ne. Sai ya kashe shugaban manzannin, ya aske wa sauran biyun gemu ya kora su. A 1219 Mongol suka iso. Saboda Sultan bai yarda da kwamandojinsa ba, bai tara su wuri ɗaya ba, sai ya rarraba su birni-birni, aka riƙa cin su ɗaya bayan ɗaya. Otrar ta yi wata biyar a ƙawanya ta faɗi, aka kashe Inalcuk ɗin da aka ƙi miƙawa. Bukhara ta faɗi a farkon 1220, Samarkand ta biyo baya. Sultan ya yi ta gudu har ya mutu a wani tsibiri a tekun Kasfiya, uwarsa kuma aka tafi da ita Mongoliya a matsayin kamammiya. A 1221 aka yi wa Marw da Naisabur, garin Imam Muslim, kisan da har yau ba a daina ambato ba. Duk don a kare mutum ɗaya.

Bagadaza ma da muke kuka, in ka leƙa cikinta kafin Hulaku ya iso, wazirin halifa da babban kwamandan soja ba sa ga maciji, kowa na kai sukar ɗan uwansa. An rage sojoji saboda ba a biyansu. Unguwannin birnin suna faɗa da juna. Sarakunan Musulmi na kewaye ba wanda ya kawo ɗauki, mai Mausil ma Hulaku ya taimaka wa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na san abin da wani zai rubuto a ƙasa: Malam, kana yabon azzalumi. A'a. Mutumin da ya sa aka auna mazan Tattar da ƙusar ƙafar keken shanu, duk wanda ya fi ta tsawo aka kashe, ba abin yabo ba ne. Adalcin nasa a cikin gida ya tsaya, wanda ke waje kuwa ko ya miƙa wuya ko ya mutu. Zaman lafiyar da ya samar a filin ciyawa ma, da ganimar garuruwan wasu ya riƙa ciyar da ita. Wani kuma zai ce ko ba a yi Otrar ba zai zo. Wataƙila. Amma a lokacin yana tsakiyar yaƙi da daular Jin, yaƙin da bai ƙare ba sai 1234, bayan mutuwarsa da shekara bakwai. Sultan ne ya ba shi dalili, ya ba shi lokaci, ya kuma tarbe shi da gida a rabe. Sanin yadda maƙiyi ya yi nasara ba son maƙiyi ba ne.

Hujjar da ta fi ƙarfafa min wannan ra'ayi ita ce waɗanda suka taka musu burki. A watan Satumba na 1260, a Ainu Jalut cikin Falasɗinu, rundunar Masar ƙarƙashin Kutuz da Baibaras ta karya rundunar Mongol. Su waye Mamluk ɗin nan? Akasarinsu 'ya'yan makiyayan filin ciyawa ne da aka sayo suna yara, aka horar da su, kowa ya hau muƙami da abin da hannunsa ya iya. Baibaras kansa Bakifcaƙe ne da aka sayar a kasuwar bayi. Gaskiya ne Hulaku ya riga ya janye yawancin sojojinsa bayan mutuwar Mongke a 1259, amma Mongol sun sake dawowa Sham sau da dama ba su iya riƙe ta ba. Tsarin da ya yi kama da nasu ne ya tsayar da su.

Su kansu Mongol ɗin, abin da ya ci su a ƙarshe shi ne wurin da Jankiz Khan bai taɓa ba. Cancanta ta yi aiki a kan kwamandoji da magatakarda, amma gadon sarauta na zuriyarsa ne kaɗai. Daga 1260 jikokinsa Kublai da Arik Boke suka shiga yaƙin shekara huɗu a kan kujera. Berke, wanda ya musulunta, ya yaƙi ɗan baffansa Hulaku. Daula ta rabe huɗu. Reshen Iran ya musulunta a zamanin Gazan a 1295, ya kuma watse bayan 1335. Reshen Sin aka kore shi a 1368. Akwai ma abin mamaki a gidan: Sorkoktani, uwar Hulaku ɗin da ya rusa Bagadaza, Kirista ce, amma da kuɗinta aka gina wata makarantar Musulunci a Bukhara. Ibn Baɗɗuɗa, wanda daga baya ya zo har Takedda a ƙasar Nijar ta yau a 1353, ya ziyarci fadar Uzbek Khan, Musulmi daga zuriyar Jankiz, ya yi ta mamakin girman da ake ba matan sarki a wurin. Tarihin ya fi abin da muke ji a wa'azi faɗi nesa ba kusa ba.

Me ya kawo wannan duka a shafin da muka saba maganar albashi da tsaro? Abu biyu ne.

Na farko, dazukanmu. Kada wani ya fahimce ni a karkace, ban kwatanta wata ƙabila tamu da Mongol ba, kuma wanda ya yi haka a ƙarƙashin rubutun nan da kansa yake. Abin da nake cewa shi ne, filin Mongoliya na kafin 1206 da na bayan 1206 mutane ɗaya ne, dabbobi ɗaya, sana'a ɗaya. Abin da ya sauya shi ne an samu wanda ya san kowa yana ƙarƙashin wa, an yanka wa kowa wurin kiwo, an haƙa rijiya, an naɗa alƙali, ɓarawon dabba ya san abin da zai same shi. Satar shanu da sace mutane da ramuwar gayya suna tsiro ne a duk inda wanda aka zalunta ba shi da wurin kai ƙara. Tun 1965 muke da dokar keɓe wuraren kiwo a Arewa. Kowa ya tambayi kansa ina burtalin garinsu yake yau, kuma wa ya sa hannu aka yanka shi. Jirgin yaƙi yana da aikinsa, amma ba ya raba gardamar gona da garke.

Na biyu, mu da ke ofis. Na kusa shekara ashirin ina aikin gwamnati, kuma abin da na gani ba sabo ba ne a wajen kowa. Masinja ya makara da minti talatin, takardar tuhuma na jiransa a tebur. Wanda ya yi sama da faɗi da kuɗin aiki guda, in yana da uwa a gindin murhu, sai ka ji an yi masa canjin wurin aiki zuwa inda ya fi maiƙo, fayil ɗin kuma ya yi ɓatan dabo. Kowane ƙaramin ma'aikaci yana kallo, kamar yadda mayaƙan Temujin suka kalli abin da aka yi wa Daritai, sai dai darasin da namu ke ɗauka kishiyar wancan ne. Ranar da aka buƙaci su tsaya tsayin daka, kowa zai tsare garinsa ne kawai, kamar sojojin Sultan.

Duk shugaba, daga mai unguwa har sama, yana da Inalcuk ɗinsa: ƙanen mata, ɗan yaya, yaron uban gida, wanda ya yi ɓarnar da kowa ya sani. Miƙa shi ga hukunci yana da zafi, za a yi fushi a gida, wataƙila ma a rasa wasu magoya baya. Sultan Muhammad ma lissafin da ya yi ke nan, kuma a ranar da ya yi shi, lissafin ya yi kama da hikima.

Masu sha'awar bin diddigi, Ibnul Asir ya rubuta abin a zamanin da yake faruwa a cikin Alkamil, Juwaini da Rashiduddin sun rubuta daga cikin fadar Mongol, su kansu Mongol ɗin sun bar nasu littafin da ake kira Ɓoyayyen Tarihin Mongol, kuma an fassara shi zuwa Turanci. Ina roƙon malamanmu masu kawo ƙissar Tattar, don Allah a riƙa farawa daga 1218.

Wanda ke da ja, ga fili nan, amma a zo da hujja ban da zagi. Allah ya ba mu shugabannin da za su iya hukunta nasu, mu ma ya ba mu ikon yin haka a ɗan abin da aka damƙa mana.